AWON GANE ASALI: ABIN DA YA KAMATA MU SANI KAFIN MU KAI KANMU



Wata magana ta shigo garuruwanmu. Ƴan cin rani da suka dawo daga Kano, Legas da Abijan sun zo da ita, rediyo yana faɗinta, matasa kuma suna ganinta cikin salula. Wai akwai wani awo da likitoci ke yi, wanda ke nuna ko yaro ɗan wane ne. Da Faransanci ana ce mashi ADN. A rediyon Najeriya kuna jin ana cewa DNA. Duk abu guda ne. Mu a nan za mu kira shi awon asali.

Maganar gaskiya ce, awon yana nan, kuma yana aiki. Amman wuƙa ce mai kaifi. A hannun mahauci tana da amfani, a hannun yaro sai ta yi ɓarna. Abin da ke bayan wannan awo ba ƙarami ba ne: mutuncin mace, sunan yaro, gadon gona da na garke, da zaman lafiyar gida. Shi ya sa muka ga ya kamata mu yi maku bayani dalla-dalla. Ku karanta a hankali, ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba tukuna.

MI NE NE ADN?

Kun san tsagar gado. In ka ga Bagobiri da tsagarshi, ba sai ka tambaye shi ba, ka san inda ya fito. Kun san kuma shaidar da makiyayi ke yi wa dabbobinshi a kunne ko a cinya. To, kowane mutum yana da wata shaida irin wannan cikin jikinshi, wadda ba wanzami ya tsaga ta ba. Da ita aka haife shi, da ita za ya koma. Ido ba ya ganinta. Tana cikin jini, cikin miyau, cikin saiwar gashi, har cikin ƙashi da haƙori. Ita ce ADN.

Wannan shaida kamar dogon rubutu take, an naɗe shi dami-dami. Mutum yana da dami 46. Dami 23 daga uwa suka zo, dami 23 daga uba. Ke nan rabin shaidarka ta mahaifiyarka ce, rabi ta mahaifinka. Shi ya sa yaro ke ɗauko hancin uba da idon uwa. Dabbobi ma haka suke, hatsi ma haka. Manomin da ke zaɓen zangarniya mai kyau don iri, da makiyayin da ke neman bijimin Azawak don garkenshi, da wannan gado suke aiki tun kaka da kakanni, ko da ba su san sunanshi ba.

A shekara ta 1984 wani masani ɗan Ingila, Alek Jefris, na jami'ar garin Lesta, ya gano yadda za a karanta wannan shaida a bambanta mutum da mutum, a kuma gane dangantaka. Kafin nan awon rukunin jini ake yi, wato A, B, AB da O. Wancan awo yakan iya cewa wane ba uban yaro ba ne, amman ba ya iya tabbatar da uba, domin mutane miliyoyi suna da rukunin jini guda. Haka shi ma awon amosanin jini, wanda ake ce wa sikila, da ake yi kafin aure: aikinshi daban ne, kada a haɗa su.

YADDA AKE YIN AWON

Yau ba lalle ba ne a ɗebi jini. Ana ɗaukar ɗan tsinke mai auduga a kai, a goga cikin kumatun mutum, a bar shi ya bushe, a sa cikin ambulan. Ba zafi, ko jariri ana yi mashi. Ana ɗaukar na yaro, na mutumin da ake magana a kanshi, da na uwa in akwai hali. Da na uwa sakamako ya fi ƙarfi.

Wannan aiki ba na ƙaramin gidan likita na ƙauye ba ne. Sai babban ɗakin awo mai injuna da ma'aikata masana, kuma kuɗɗinshi ba kaɗan ba ne. A can suna duba wurare kamar 15 zuwa 20 ko fiye cikin wannan rubutu. A kowane wuri mutum yana da lamba biyu, guda ta uwa, guda ta uba.

Ga misali kamar yadda muke yi bisa allo. A wuri na farko yaro yana da 12 da 15. Uwarshi tana da 12 da 14. Ke nan 12 daga uwa ta zo, 15 kuwa dole daga uba. In mutumin yana da 15 da 17, ya dace a wannan wuri. In 10 da 11 gare shi, bai dace ba. Sai a wuce wuri na biyu, na uku, har a ƙare.

In mutumin ya saɓa a wurare da yawa, takarda za ta ce ba shi ba ne. In ya dace a ko'ina, takarda za ta ce kashi 99,9 cikin 100 ko fiye. Ba ta cewa 100 cif, domin ba a auna mazan duniya duka ba. In wuri guda tak ya saɓa, masana ba sa yanke hukunci nan take, sai sun ƙara duba wasu wurare, domin wani lokaci lamba takan canza da kanta tsakanin uba da ɗa.

Awo iri biyu ne. Akwai wanda mutum ke goga audugar da kanshi a gida, ya aika. Wannan ba shi da ƙarfi gaban alƙali, don ba wanda ya san miyan wa aka sa cikin ambulan. Akwai kuma na hukuma: kowa ya zo da kanshi da katin shaidarshi, ma'aikaci ya ɗauki samfur, a rufe ambulan a buga hatimi gaban shaidu, kowa ya sa hannu. Inji ba ya sanin sunan mutum. Abin da aka ba shi, shi yake aunawa. In an musanya ambulan a hanya, ko an rubuta suna ba daidai ba, sakamako za ya fito da lambobi masu kyau, alhali ƙarya ce.

INDA AWON KE DA IYAKA

Abu na farko da ya shafe mu sosai shi ne auren zumunci. A garuruwanmu ɗan wa yana auren ɗiyar ƙane, gari guda duk dangi ne. Ƴan uwa kuwa lambobinsu suna kama. In mutum biyu da ake shakka a kansu wa da ƙane ne, aka auna guda kawai, ba a gaya wa masu awo ba, ana iya samun kuskure. Dole a faɗa masu gaskiyar dangantaka tun farko, a auna su duka. Tagwaye masu kama ɗaya sak, Hasan da Husaini na ƙwai guda, awon yau da kullum ba ya raba su ko kaɗan.

Na biyu, in uban ya rasu. Ana iya auna uwayenshi, ko ƴan uwanshi, ko sauran ƴaƴanshi. Amman duk sa'ad da dangantaka ta yi nisa, ƙarfin sakamako yana raguwa. Awon ƴan uba, ko na baffa da ɗan ɗan'uwanshi, sau da yawa yakan tsaya ga cewa mai yiwuwa ne. Akwai wata shaida da ke bin maza kaɗai, daga kaka zuwa uba zuwa ɗa. Ita tana nuna cewa yaro na wannan zuri'a ne, amman ba ta nuna wane namiji ne cikin zuri'ar ya haife shi.

Na uku, Allah yana da abubuwan mamaki cikin halittarshi. A Amurka, a shekara ta 2002, awo ya ce wata mata ba ita ce uwar ƴaƴan da ta haifa da cikinta ba, har hukuma ta tuhume ta da zamba. Daga baya aka gano jikinta yana ɗauke da shaida iri biyu, domin tun tana ciki ta haɗe da abokiyar tagwaicinta. Irin wannan ba shi da yawa, amman yana koya mana kada a yi gaggawa.

Na huɗu, akwai zumuntar da inji ba ya gani. Matar da ta shayar da kai uwarka ce, ɗiyarta ta haramta gare ka, alhali awo ba za ya nuna komi tsakaninku ba. Baffan da ya riƙe maraya, ya ci da shi, ya yi mashi kaciya da aure, ba ya fitowa cikin lambobi. Awon yana amsa tambaya guda ce rak: jinin wa ke jikin wa.

INDA YA YI AMFANI

Aikin farko da aka yi da wannan awo, haɗa uwa da ɗa ya yi. A shekara ta 1985 wani yaro da uwayenshi ƴan Gana ne ya koma Ingila wurin uwarshi bayan ya zauna Gana. Ma'aikatan iyaka suka ce ba ɗanta ba ne, za su kore shi. Alek Jefris ya auna yaron da uwar da ƴan uwanshi uku. Awo ya nuna ɗanta ne, aka bar shi ya zauna.

A ƙasar Ajantina, can Amurka ta kudu, sojojin da suka yi mulki daga 1976 zuwa 1983 sun kashe mutane da yawa, suka ƙwace jariransu suka ba wasu gidaje. An ƙiyasta yaran sun kai 500. Kakanninsu mata suka haɗa ƙungiya suna nemansu. Da yake uwayen sun mutu, da jinin kakanni aka yi awon. A 1987 gomnatin ƙasar ta buɗe ma'ajiya ta musamman don wannan aiki, kuma an gano jikoki sama da 130.

Ga wanda ya fi kusa da mu. Ran 18 ga watan Afrilu 2015 wani jirgin ruwa ya nutse tsakanin Libiya da Italiya da mutum sama da 800, yawancinsu matasan Afirka masu tafiya neman kuɗɗi. A 2016 aka fiddo jirgin daga ƙarƙashin teku. Likitocin Italiya suka ɗauki shaidar gawawwakin, ƙungiyar agaji ta Kuruwa Ruj kuma ta bi wasu ƙasashen Afirka ta yamma tana ɗaukar ta dangi, don a gane wane ne wane. Mu da ƴaƴanmu ke bin hanyar Agadas da hamada mun san zafin rashin labari. Uwa ba ta san ko ta yi zaman makoki ba, mata ba ta san ko ta shiga takaba ba, gado ya tsaya. A irin wannan wuri awon asali rahama ne.

Masu dangi a ƙasashen waje su lura da wani abu. A wurinmu ɗan wanka ɗanka ne, kuma gaskiya ne. Amman a takardar ofishin jakadanci, ɗa yana nufin wanda ka haifa. A 2008 Amurka ta dakatar da wani shiri na haɗa ƴan gudun hijira da iyalansu, bayan awo ya nuna da yawa daga waɗanda aka rubuta ba jini guda ba ne. Da aka sake buɗe shirin, sai aka sa awon ya zama sharaɗi. Wanda ya rubuta ɗan riƙo a matsayin ɗan cikinshi yana iya jawo wa kanshi da yaron asara.

ABIN DA MALAMAI SUKA CE

A shari'ar Musulunci asali bisa aure yake tsayawa. Yaron da aka haifa cikin aure, wata shida ko fiye bayan miji da mata sun tare, na mijin ne. Ba a neman wata shaida bayan wannan.

Rashin kama ba hujja ba ne. Ya zo cikin ingantaccen hadisi cewa wani makiyayi ya kai kuka wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, domin matarshi ta haifi yaro baƙi, shi kuwa ba baƙi ba ne. Annabi ya tambaye shi launin raƙumanshi, ya ce jajaye ne. Ya tambaye shi ko akwai mai launin toka cikinsu, ya ce akwai. Da aka tambaye shi daga ina wannan launi ya fito, shi da kanshi ya ce wataƙila daga wani kakan raƙumin ne. Sai aka nuna mashi cewa ɗanshi ma haka ne, ba a ba shi damar kore shi ba. Kowane makiyayi ya taɓa ganin irin haka cikin garkenshi, kuma ilimin yau ya tabbatar da shi: kama takan ɓuya ta tsallake uba, ta fito ga jika.

Mijin da ke da tabbacin cewa ciki ba nashi ba ne, shari'a ta ba shi hanya guda, ita ce li'ani, wadda ta zo cikin Suratun Nur. Gaban alƙali ake yinta. Miji ya yi rantsuwa huɗu, ta biyar ya kira la'ana bisa kanshi in ƙarya yake yi. Matar ita ma ta yi huɗu, ta biyar ta kira fushin Allah bisa kanta. Daga nan sun rabu har abada, yaro ya bi uwa. An tsananta abin haka don kada a maida shi wasa. Malamai sun ce wanda ya karɓi barka, ya yanka rago, ya raɗa wa yaro suna, ba shi da damar ya dawo bayan shekaru ya ce ba nashi ba ne. Wanda kuma ya jefi mace da zina ba tare da shaidu huɗu ba ya yi ƙazafi, laifi mai girma.

Da wannan awo ya bazu, majalisar malaman fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka cikin watan Janairu 2002, ta fidda matsayi. Ta ce bai halatta a kore asalin yaro da awon ba, kuma ba a gabatar da shi bisa li'ani. Ta ce bai halatta a auna asalin da ya riga ya tabbata a shari'a don wai a ƙara tabbatarwa ba. Ta yarda da shi inda ake gardama bisa yaron da ba a san asalinshi ba, inda jarirai suka cakuɗe a gidan haifuwa, inda yara suka ɓace cikin yaƙi ko wani bala'i, da inda ake son gane gawa. Ta ce kuma a yi shi da umurnin alƙali, a ɗakin awon da hukuma ta amince da shi.

Mafi yawan malamai suna kan cewa yaron da aka samu ba ta hanyar aure ba, ba ya gadon wanda ya yi cikinshi, ko da an san shi. Ke nan takardar awo ita kaɗai ba ta ba mutum gado, ba ta kuma fidda shi daga gado. Wasu ƙasashen Musulmi sun shigar da awon cikin dokokinsu ta hannun alƙali: Tunisiya a 1998, don ba yaran da ba su da uba suna, Maroko kuma cikin dokar iyali ta 2004.

ABIN DA DOKA TA CE

A nan Nijar, tun dokar tsarin shari'a ta 1962, maganar aure, saki, asali da gado ana bin al'adar masu ƙara ne. Mai gari da sarki suna yin sulhu. In abin ya gagara sai a tafi gidan shari'a, inda alƙali ke zama tare da mashawarta da suka san al'ada da addini. Dokar boko ma, ga waɗanda suka yi aure bisa ita, tana ɗaukar miji a matsayin uban yaron da aka samu cikin aure. Alƙali ne ke da ikon neman masana su yi bincike, shi ne kuma ke auna nauyin abin da suka kawo. Takardar da mutum ya yo shi kaɗai a ɓoye ba ta soke takardar haifuwa, ba ta ɗauke mashi ci da yaro da tufatar da shi.

Ƙasashen da awon ya fito ma sun yi mashi linzami. A Faransa, tun 1994, ba a awon gane uba sai da umurnin alƙali da yardar masu abin. Wanda ya yi a ɓoye yana iya shan ɗaurin shekara guda da tarar Yuro 15.000, wato kusan miliyan 10 na sefa. A 1998 kotun Faransa ta sa an tone kabarin wani shahararren mawaƙi, If Montan, wanda ya rasu a 1991, domin wata ta ce shi ne ubanta. Awo ya nuna ba shi ba ne. Abin ya dami mutane, har a 2004 aka yi doka cewa ba a auna mamaci don wannan magana sai in ya yarda tun yana da rai. Ingila ta hana auna mutum ba da saninshi ba tun 2006, Jamus kuma tun 2010. In waɗanda suka ƙago abin suna tsoronshi haka, mu ma ya kamata mu yi hattara.

MAGANAR SIRRI

Shaidar jikinka ba taka ba ce kai kaɗai. Rabinta na uwarka ne, rabi na ubanka, wani kashi kuma yana jikin ƴan uwanka da ƴaƴanka. In ka ba da miyanka, ka ba da labarin dangi duka, alhali ba ka shawarce su ba. Mutum yakan tafi neman amsar tambaya guda, ya tono asirin kakar da ta daɗe cikin kabari. Cikin wannan shaida ana iya karanta wasu cututtukan gado. Lambar salula in ta ɓaci ana canza ta. Wannan kuwa ba ta canzuwa har mutuwa.

Akwai kamfanoni a ƙasashen waje da ke talla cikin intanet: aiko miyau da kuɗɗi, mu gaya maka danginka. Suna ajiye shaidar mutane cikin kwamfuta. A 2018 ƴan sandan Kalifoniya, a Amurka, sun kama wani mai kisan kai da aka daɗe ana nema, ta hanyar shaidar danginshi na nesa da suka sa tasu cikin irin wannan ma'ajiya. Kama shi alheri ne, amman ya nuna yadda ake gano mutum ta jinin wani. A 2023 ɓarayin intanet suka saci labarin mutum kusan miliyan 7 daga kamfanin 23andMe. A watan Maris 2025 kamfanin ya karye, aka shiga cinikinshi tare da ma'ajiyarshi, mutane suka yi ta gaggawar share sunayensu.

Ƙasarmu ta yi dokar tsare bayanan mutane a 2017, ta sabunta ta a 2022. Likita kuma aikinshi ya hana shi faɗin sirrin wanda ya zo wurinshi. Amman sau da yawa daga gida asiri ke fita. Takardar sakamako da Faransanci ko Ingilishi take zuwa. Wanda bai iya karanta ta ba sai ya miƙa wa ɗan lakwal na maƙwabta, ko wani a tasha. Kafin la'asar magana ta kai bakin rijiya. Wani kuma ya ɗauki hotonta da salula ya aika wa aboki guda, gobe tana cikin WhatsApp na gari duka. Magana zarar bunu ce. Yaron da aka yi wa haka za ya girma da gori, ranar neman aurenshi ma sai an tuna mashi, shi kuwa bai yi laifin komi ba. Matar da aka zarga, ko awo ya wanke ta, ba ta mance cewa mijinta ya kai ta awo.

Kafin mutum ya taka ƙafa, ya tambayi kanshi: in takarda ta ce e, mi zan yi? In ta ce a'a, mi zan yi? Wa za ya ci da yaron nan gobe? Wanda ba shi da amsa bai shirya ba.

SHAWARA GA JAMA'A

1. Kada zato, ko rashin kama, ko tsegumin kishiya da na majalisa su kai ka awo. A fara da malami masani da dattawan gida masu riƙe magana.

2. In gardama ta yi tsanani, a bi ta hannun alƙali. Kada a ɗauki miyan yaro, ko gashin mace, ko na wani, a ɓoye.

3. Kada ka dangwala hannu ko ka sa hannu bisa takardar da ba a karanta maka ba. Ka tambaya: ina za a kai samfur? Wa za ya ga sakamako? Bayan an gama za a ƙone shi ko za a ajiye?

4. Ku yi hankali da ƴan damfara masu cewa a ba su kuɗɗi su kawo sakamako. Wanda ya iya sayar maka da takarda yana iya sayar wa abokin gardamarka da wata.

5. Likita ko alƙali su karanta maka sakamako cikin ɗaki. A adana takardar cikin akwati, kada a ɗauki hotonta.

6. Wanda ɗan'uwanshi ya ɓace a hanyar hamada ko teku ya kai labari ofishin Kuruwa Ruj mafi kusa.

7. Rigakafi ya fi magani. A rubuta aure, a rubuta haifuwa. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a kai sanarwar haifuwa wurin rajista, a gidan haifuwa ko wurin wakilin magajin gari. In lokaci ya wuce sai an bi ta gidan shari'a. Yaron da ke da takardar haifuwa da sunan uwa da uba a kanta yana da garkuwa ranar shiga lakwal, ranar tafiya da ranar rabon gado.

Ƴan uwa, yawancin gidajenmu ba za su taɓa bukatar wannan awo ba har abada, alhamdu lillahi. Amman takardar haifuwa kowane yaro yana bukatarta, kuma kowane uba da kowace uwa ya kamata su iya karanta abin da aka rubuta a kanta. A tattauna wannan magana a wuraren karatu na yaƙi da jahilci, maza da mata. Wanda ke da tambaya ya rubuto wa jaridarku da hannunshi, ba sai ya faɗi sunan kowa ba.

Allah ya rufa mana asiri, ya shirya mana zuri'a, ya ba mu damina mai albarka. Amin.

Daga wani malamin yaƙi da jahilci